Ɗakin Telmo

Yuni na kawo kai
jikata Ivone ta ce a kwashe komai daga ɗakin ubanta.
Shekara tara yana Luksambur, yana ɗora bulo kan bulo.
"Ɗaki ba ya cin burodi, Kaka,
amma zai iya sayo mana shi."

Baƙi za su zo daga Jamus,
masu tara kuɗi wata goma sha ɗaya
don su zo su shanya kansu a rana
kamar kifin da muke jerawa kan waya.

Muka shafe bango da farin fenti, shafi uku.
Jirgin da Telmo ya zana da fensir yana ɗan shekara shida,
wanda hayaƙinsa ya fi shi girma,
a shafi na biyu ina hango bututunsa.
A na uku ya nutse.

Taga ta sha shuɗi, ƙofa ta sha shuɗi.
Na ja bakina.
Ni da aka yanke wa cibiya a Ericeira
na san teku ba ta cika sa wannan riga ba:
toka-toka ce da asuba, koriya in ranta ya ɓaci,
baƙa ƙirin a daren da kike tsaye a gaɓa
kina ƙirga fitilu, ɗaya bai cika ba.

Sai kwali ya iso daga kanti a Lisbon.
Ƙumba a leda, an wanke ta tas,
daga wata teku da ba ta san sunanmu ba.
Anga ta roba, jariri ma ya ɗaga ta da hannu guda.
Da koma,
fara fat, ta rataya a bango.

Anacleto ya shigo yana jan gwiwa.
Shekara arba'in da ɗaya a kan ruwa,
yau matakala huɗu ke sa shi haki.
Ya zura yatsa a idon komar, ya ja,
ƙulli ya zame kamar alkawarin dillali.
"Wannan ko inuwar kifi ba za ta riƙe ba."
"Ba kamu za ta yi ba, kallo za a yi."
"To a kawo tawa."
"Taka tana ƙarni."
Ƙarnin nan ne ya saya miki takalmin makaranta.
Bai faɗa ba. Ni dai na ji.

Mu da muka san halinta,
gadajenmu bango suke duba.
Uwata ba ta taɓa tsintar ƙumba ta kawo gida ba,
ta ce abin da teku ta tofar tana sane da shi.
Ga mu yau muna jan gado ya fuskanci taga,
muna ɗura rairayi a kwalba,
muna sa wa abin tsoronmu farashi.

Tsakar dare na laluba gefena, ba kowa.
Haske na tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin.
Yana zaune kan sabon zanin gado mai ratsi,
tabarau a kan hanci, koma a cinya,
yana kwance ƙullin kanti ɗaya bayan ɗaya,
yana sake ɗaurewa irin na ubansa.
Na ce, "Ba wanda zai lura."
Ya ce, "Ni fa?"

Ranar Asabar suka iso,
mata da miji da yaro mai giɓi.
Matar ta ɗauki hoton angar roba har sau uku.
Yaron kuwa ya haye gado,
ya cafki koma, ya saki dukan nauyinsa.

Ƙusa ta fita.
Fenti ya ɓare, faɗin tafin hannu.
Ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Suna ta ba da haƙuri da harshen da ba na ji,
Anacleto na tari don ya ɓoye dariya,
ni kuwa idona na kan bango,
inda ɗan hayaƙin fensir ya leƙo,
yana tashi, yana tashi,
daga jirgin da na zaci mun nutsar.